Dan Allah ta ina ake fara rubuta wa babba wasiƙar ban haƙuri?

Ɗalibi_a_Masar:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci. Ina karatu a Alƙahira, shekara uku ke nan rabona da gida. Baffana, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina aji biyu na firamare bayan rasuwar babanmu, matarsa kuma da muke ce wa Inna ita ta yi min duk abin da uwa take yi wa ɗanta. Wata huɗu da suka wuce Allah ya yi mata rasuwa muna tsakiyar jarabawa, na kira ranar da aka kai ta layi yana ta yankewa ga shi Baffa kunnensa ya yi nauyi, sai kawai na tura wa ɗansa saƙo ta WhatsApp na ce a yi wa Baffa gaisuwa zan sake kira. Ban sake kiran ba. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, kullum ina cewa gobe, da kwanaki suka ja kuma sai kunya ta rufe ni. Shekaranjiya ɗan nasa yake faɗa min an ambaci sunana a zaure, Baffa bai ce komai ba sai "ai ya girma yanzu". Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Tsohon hedimasta ne, yana karanta boko da ajami, shi ya sa nake so in rubuta masa takarda ta imel ɗansa ya buga ya kai masa. Amma ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa da Hausa ba, na fara ya fi sau goma ina gogewa. Da gaisuwa zan fara ko da ban haƙuri? In faɗi uzurin jarabawar ko in bar shi? Kuma tsawonta ya kai ina?

Malamin Hausa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta, kai ma muna yi maka gaisuwa don kai ma uwa ka rasa.

Ɗana kada ka fara da ban haƙuri. Ko laifin kisan kai ka yi ba a faɗa wa babba gida babu sallama, to takarda ma haka take. Mutanen da suka yi elementare a zamanin su Baffanka, da waɗanda suka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, tsari ɗaya suka sani kuma shi kunnensu yake jira: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, sannan a ce "bayan haka". Wannan "bayan haka" ɗin ita ce amma ba'adu ta wasiƙun Larabci da sarakuna da malamai suke yi wa juna tun kafin zuwan Turawa, kai da kake Masar ka fi ni saninta. A ƙarshe kuma a rufe da haza wasalam. Yara na ajin ƙarshe na sakandare suna yi min dariya in na koyar da wannan, amma wallahi dattijo in ya ga takarda ta buɗe haka, zama yake gyarawa.

Ka sa adireshinka da kwanan wata a sama ta hannun dama, kada ka sa mata take kamar takardar neman aiki, wasiƙar zumunci ba ta da take. Kada ka rubuta sunansa na yanka, "Zuwa ga Baffa" ya isa, kuma ka riƙa cewa "ku" ba "ka" ba. Bayan sallama ka tambayi lafiyarsa da ƙarfin jiki da ibada, sai ka shiga ta'aziyya kai tsaye don ita ce bashin da yake binka. Kada ka ce lokaci ya wuce, malamai da yawa da suka ce ta'aziyya kwana uku ce sun cire wanda ba ya gari. Sai bayan ka gama ta tsaf sannan ka ɗauki laifinka. Ga misali, amma dan Allah kada ka kwafa, ka faɗe shi da bakinka:

"Baffa na yi kuskure babba, na bar ku cikin wannan rashi ba ku ji daga gare ni ba, ba ni da wata hujja da zan kawo. Ina roƙon ku yafe min don Allah, ku ci gaba da sa min albarka."

Zancen jarabawa ka bar shi. Ya san kana jarabawa, malami ne. Da zarar ka rubuta "amma lokacin muna..." ka mayar da ban haƙurin ya zama kare kai, kuma jarabawa ai ba wata huɗu ake yi ba. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar.

Maman_Biyu Damagaram:

Ina yi maka gaisuwa ƙanena, Allah ya ba ku haƙuri. Duk abin da Malam ya faɗa haka ne amma ni wuri guda ban yarda ba, wato a buga ta da na'ura. Ka samu farar takarda da biro ka rubuta da hannunka, in ya so ka ɗauki hotonta ka tura. Mutumin da ya riƙe hannunka ya koya maka a, ba, ca, yana ganin rubutun zai gane naka ne tun kafin ya karanta, wannan kaɗai rabin ban haƙurin ne. In ka yi kuskure ka ja layi ka ci gaba, ba komai.

Sai abu na biyu wanda ku yaran yanzu ba ku sani ba saboda kun saba kowa da salularsa kowa da sirrinsa. Takardar da ta shiga gidan gandu ba ta mutum ɗaya ba ce. Muna yara kawuna yana zaune Jidda, duk shekara in alhazai za su dawo sai ya ba da kaset da ya yi magana a ciki tare da 'yar takarda, bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida a kunna rediyo kowa ya yi shiru, yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya daga kakarmu har jinjirin da aka haifa bayan tafiyarsa. Wata shekara ya manta bai ambaci gwaggonmu ba, wallahi har yau ina ganin yadda ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba, sai da wata shekarar ta zagayo aka shirya su. To kai ma ka sa a ranka Baffa zai karanta ya miƙa wa wani, ko ya sa a karanta wa mutanen cikin gida. Ka zauna ka jera sunayen a wata takarda daban tukuna, daga manya zuwa ƙanana, in akwai abokiyar zaman marigayiya ita ce farko, sai 'ya'yan Inna musamman mata da suke gidan aure, sai 'yan uwanta da limamin unguwa da maƙwabta. Kuma duk abin da ba ka so a ji a zaure kada ka sa.

Sannan dan Allah kada ka tsaya a "Allah ya jiƙanta" kawai, wannan kowa ya faɗa masa har wanda bai san ta ba. Ka tuno abu guda da ta yi maka wanda kai da shi kuka sani, ko ƙanzon da take ajiye maka in ka dawo makaranta, ko daren da ta kwana a kanka kana zazzaɓi, ka rubuta shi a layi biyu uku. Namiji in ya rasa matar da suka tsufa tare, abin da ya fi so shi ne ya ji wani bai manta da ita ba.

Abokin Kowa:

Allah ya gafarta mata. Ni ta ɓangaren turawa zan yi magana don na sha yi wa mutane. In ka bi shawarar Maman Biyu to kada ka tura hoton haka kawai ta WhatsApp, yana rage masa kyau, in an buga rubutun ya fito dishi-dishi ga idon dattijo. Ka ɗauka da rana kusa da taga, ka mayar da shi PDF ka tura ta imel ko a matsayin fayil. In kuma bugawa za ka yi to ka ƙara girman baƙaƙen, ka sa Hausa a Gboard, wato allon rubutu na waya, don ka samu ƙ da ɗ da ɓ, hedimasta ne zai lura, kuma "ƙara" daban "kara" daban. Su slm da ykk da lfy da muke yi wa juna ko ɗaya kada ya shiga. Wanda zai buga ya ninke ta ya sa a ambulan ya rubuta Baffa a baya, kar a miƙa masa ita tsirara kamar takardar kuɗin wuta.

Kuma ka bincika cikin ɗalibai, jirgin Alƙahira zuwa Kano yana tashi, da wuya a rasa mai tafiya gida, ta hannu ta fi komai in za ka iya jira, amma ni a ganina wata huɗu ya isa jira, ka tura hoton yau asalin ya biyo baya.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba, kada ka haɗa ta da wata buƙata, ko zancen kuɗin makaranta ko na tikiti, ko da layi ɗaya ne a ƙasa, zai ga kamar don shi aka yi gaisuwar. Kuma takarda ba ta ɗauke maka kira ba fa, ka bari ta kwana biyu a hannunsa sai ka kira bayan la'asar a sa masa a sifika, ko bai ji duka ba ya ji muryarka.

Malamin Hausa:

Na yarda da rubutun hannu, Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Zan ƙara da cewa wanda zai miƙa ma a duba, in akwai gwaggo ko wani aminin Baffa da yake jin nauyinsa, a bi ta hannunsa ya fi a ce ɗansa ne ya kai. Haka ake kai ban haƙuri a gidajenmu.

Ɗalibi_a_Masar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Maman Biyu kin sa ni hawaye, akwai wani bargo da Inna ta sayar da akuyarta ta saya min lokacin da zan tafi makarantar kwana, yana nan tare da ni har Masar, shi zan rubuta. Na jera sunaye sun kai ashirin da uku, na tura wa ɗan Baffa ya duba ko na tsallake wani. Gwaggo tana gari ɗaya da su, gobe in Allah ya kai mu zan kira ta da safe kafin in tura.