Muhawara: Shin John Gagliardi ne gwarzon masu horar da ƙwallon Amurka a jami'o'i?

Baban Ummi: Jama'a, ina nan kan bakana. A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ba a yi koci kamar John Gagliardi ba. Shekara 60 cur ya yi a Saint John's, wata 'yar jami'ar Katolika da ke Collegeville a jihar Minnesota, daga 1953 zuwa 2012, bayan shekara 4 a Carroll ta Montana. Wasa 489 ya ci, har yau ba wanda ya kamo shi.

Ɗan Fagge: Alhaji, a yi min afuwa, amma da ƙananan makarantu fa ya yi ta karawa. Wanda ya daɗe a kasuwa ai dole cinikinsa ya taru. Koci Nick Saban ya ɗauki kofin ƙasa sau 7 a manyan jami'o'i, ɗaya a LSU ta jihar Louisiana, 6 a Alabama, inda in ka yi sakaci shekara biyu an sallame ka. Gagliardi kuwa 4 gare shi.

Baban Ummi: Ƙanena, Saban a lokacinsa zaɓar zaratan yara yake yi daga duk faɗin ƙasar. A rukuni na 3 na gasar jami'o'i, inda Saint John's take, ba a ba yaro tallafin karatu don ya iya wasa. Wanda Allah ya kawo maka, da shi za ka shiga fili.

Malamar Wasanni: Ni ba lissafin kofi ya ja ni ga Gagliardi ba. Mutumin nan ya hana 'yan wasansa kayar da juna a wajen atisaye. Ba ya busa usur, atisayen ba ya wuce minti 90, kuma ya ce kada a kira shi koci, a ce masa John kawai. Ina koyar da wasanni a sakandare, na taɓa riƙe ƙafar ɗalibina da ta karye a atisaye, saura kwana biyu gasa, yana kuka yana tambayata ko zai buga. Tun ranar nake ganin girman kocin da ke kai yaransa ranar wasa da lafiyarsu.

Ɗan Fagge: Allah sarki. Amma Malama, wannan sassaucin sai a inda ba a matsa maka. Ya gwada shi a gaban manya mana.

Baban Ummi: Ya gwada! A 2003 jami'ar Mount Union ta zo wasan ƙarshe na rukuni na 3 da nasara 55 a jere. Saint John's ta lallasa ta 24 da 6, lokacin tsohon yana da shekara 77.

Baba Mai Ritaya: Yara, kun manta wanda Gagliardi ya karɓe kambun yawan cin wasa daga hannunsa a wannan shekarar. Eddie Robinson na Grambling a Louisiana, wasa 408, daga 1941 zuwa 1997. Makarantar baƙaƙen fata ce, ya fara aiki a zamanin wariya, ba kuɗi ba kayan aiki. Shi ya raini Doug Williams, baƙar fata na farko da ya ja ragamar ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo har ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, a 1988. In wahalar da aka sha ce ma'auni, ni Robinson zan ba.

Malamar Wasanni: Gaskiya ne Baba. Shi ma Gagliardi bai samu a sama ba. Yana ɗan shekara 16, a 1943, aka kira kocin makarantarsu aikin soja, shi ya karɓi horar da 'yan uwansa ɗalibai a garin Trinidad na Colorado.

Ɗan Fagge: Wannan ban san shi ba, na kuma jinjina masa. Na yarda shi ne sarkin ƙananan makarantu, tunda kyautar gwarzon ɗan wasan rukuni na 3 ma sunansa take ɗauke da shi. Amma a ce ya fi kowa da kowa, Alhaji, nan kam ban bi ka ba.

Baban Ummi: To ka kawo min wani da ya ci 489 ba tare da yaransa sun kayar da juna a atisaye ba. Ina nan ina jira.