Abin da ya kamata ungozoma ta koma gida da shi bayan horo

Mai horar da ungozomomi: Jama'a, ku kawo abin da kuka ga yana zama a kan ungozoma bayan an watse. Ni dai na fara da awon jinin da ke zuba bayan haihuwa. Kada a ce mata "mililita 500", ba ta da abin aunawa. A zuba ledar fiya wata guda a kan tsohon zane ta gani da idonta: jinin da ya kai haka bayan haihuwa, a nemi mota. Kafin motar ta zo, ta murza marar har mahaifa ta yi tauri, mai jego ta yi fitsari, a sa jariri a nono.

Nas a ɗakin haihuwa: Anti, a ƙara da misoprostol, maganin hana zubar jini bayan haihuwa. Ƙwaya uku ne, kowace microgram 200, a sha da zarar jariri ya fito, bayan an shafa ciki an tabbatar ba tagwaye ba ne. Inda ake samun ɓarna shi ne a ba mace tun tana naƙuda wai don a yi sauri. Mahaifa na iya yagewa. Rawar ɗari da ɗan zazzaɓi bayan an sha ba abin tsoro ba ne, amma a faɗa wa dangi tun farko, in ba haka ba gobe su hana. Mabiyiya kuma ba a jan ta da ƙarfi. In ta kai awa guda ba ta faɗo ba, asibiti.

Jami'in lafiya na ƙauye: Cibiya: a jira minti ɗaya zuwa uku, a ɗaure da zare mai tsabta wuri biyu, a yanka tsakani da sabuwar reza da aka ɓare a gaban kowa. Sai a shafa chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cibiyar kullum har kwana bakwai. Ban da toka, man goge haƙori ko gashi da tsumma. Kakanni ne ke mayar da su, don haka a gayyato su ranar horon.

Nas: Haka ne, Malam. Jaririn da bai yi kuka ba, a goge shi, a murza bayansa. Ba a rataye shi ta ƙafa, ba a watsa masa ruwan sanyi. Wanka sai bayan awa 24.

Mai horarwa: Mai wuyar ita ce doguwar naƙuda. Awa 12 shiru, ko hannu ya riga kai fitowa, ko jijjiga ta kama mai naƙuda, aikin ungozoma ya zama rakiya. Yankan gishiri da danna ciki ba sa buɗe hanya, yankan ma yoyon fitsari yake jawowa. Sai dai ungozomar da ta rako mace aka daka mata tsawa a bakin ƙofar asibiti, "sai yanzu kuka kawo ta?", ba za ta sake kawo wata ba. A bar ta ta shiga ta riƙe hannun 'yarta.

Jami'in lafiya: Kuma izinin maigida da lambar direba a karɓe su tun cikin yana wata bakwai. Da tsakar dare ba a samun ko ɗaya cikin sauƙi.