'Yan zabin da kaza ta ƙyanƙyashe: shin mu ma muna da irin wannan ilhamin?

Mai Kiwon Kaji ya rubuta:

Assalamu alaikum. A daminar bana na sa wa wata kazata ƙwayayen zabo goma, kamar yadda muke yi kullum saboda zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, kuma ta ƙyanƙyashe takwas. Sun bi ta ko'ina tamkar ita ce uwarsu, amma da suka girma sai suka koma kukan zabi, suka fara hawa bishiyar darbejiya su kwana, alhali ba su taɓa zama da wata zabuwa ba balle ta koya musu. Tambayata ga masana ita ce, idan dabba tana zuwa duniya da iliminta a jiki, shin ɗan Adam ma yana da irin wannan, ko kuwa duk abin da muke yi koyonsa muka yi?

Malamin Bayoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani abubuwa biyu ne da suka haɗu a wuri guda. Kuka da hawa bishiya gado ne, shi ya sa Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bin kazar kuwa wani abu ne dabam, wanda Konrad Lorenz, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi suna a kansa. Ya lura cewa 'ya'yan dinya suna ɗaukar abu mai motsi da suka fara gani bayan ƙyanƙyasa a matsayin uwa, har wasu suka riƙa bin shi kansa a baya. Abin da aka haife su da shi shi ne shirin bin uwa, amma ba a faɗa musu wace ce uwar ba, duniya ce ke cike wannan gurbin. A shekarar 1973 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Niko Tinbergen da Karl von Frisch, wanda ya gano yadda ƙudan zuma ke nuna wa 'yan uwansa inda furanni suke ta hanyar rawa.

A ganina, ilhamin mutum ya fi kama da wannan na biyun, wato bin kazar. Babu jaririn da aka haifa da Hausa ko Larabci a bakinsa, amma kowane lafiyayyen yaro yana ɗaukar harshen gidansu ba tare da an zaunar da shi darasi ba, alhali kyanwar da ta tashi a gidan tana jin maganar nan kullum ba za ta taɓa furta kalma ba.

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ina ganin ya yi saurin wuce jarirai. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, kuma ban taɓa koya wa jariri tsotso ba. Idan ka shafa kuncinsa zai juya da baki buɗe yana neman nono, idan ka sa yatsa a tafinsa zai damƙe, idan kuma ya ji kamar zai faɗi zai ware hannuwa ya dawo da su. Wannan na ƙarshen ana kiransa da sunan likitan yara Ernst Moro, kuma yakan ɓace kafin wata shida. Muna duba shi da gangan, domin rashinsa ko daɗewarsa na iya nuna matsala a ƙwaƙwalwa. Ko yaron da aka haifa makaho yana murmushi, shi da bai taɓa ganin fuskar kowa ba.

Mai Kiwon Kaji ya sake rubutawa:

Na gode, Hajiya. To tsoron maciji fa? Ƙanena tun yana ƙarami ko igiya ya gani a duhu sai ya yi tsalle.

Malamin Bayoloji ya amsa:

Hajiya ta yi gaskiya, na karɓi gyara, ko da yake masana da yawa suna ware waɗannan motsin jarirai daga cikakken ilhami irin na shamuwa, wadda ke tasowa daga kudancin Afirka ta iso mana gab da faɗuwar damina. Game da maciji, binciken Susan Mineka a Amurka cikin shekarun 1980 ya ba da amsa mai ban sha'awa. Biran da aka haifa a ɗakin gwaji ba sa tsoron maciji, amma da zarar sun ga wani biri ya firgita da shi, sai tsoron ya kama su ya zauna. Da aka shirya musu faifan bidiyo mai nuna biri yana firgita da fure, ba su koyi tsoron fure ba. Saboda haka ina kyautata zaton ƙanenka ya taɓa ganin wani babba ya yi ihu a kan maciji tun bai yi wayo ba. Ka tambayi mahaifiyarku, wataƙila ta tuna ranar.