Sabon direba ne ni, yaya zan yi da hanyar ƙauye?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum. Jama'a a ba ni shawara. Ina koyon tuƙi da motar yayana, tsohuwar Golf mai giyar hannu, da alamar L gaba da baya. A cikin garin Gumel hannuna ya fara faɗawa. To yanzu Hajiya ta ce ni zan riƙa kai ta ƙauyenmu ta wajen Maigatari, yayana yana gefe. Rabin hanyar kwalta ce, sauran burji da rairayi. Abokaina na cewa ai ƙauye ya fi sauƙi tunda ba cunkoso. Ni dai gabana na faɗuwa. Me ya kamata in kiyaye?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokanka ba su san mota ba. A gari cunkoso ke riƙe maka ƙafa, a ƙauye kuwa ba mai riƙe ta sai kai. Ka ga hanya fetal, sai ka taka totur ba ka sani ba. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkawa. A kan tsakuwar burji abin ya fi haka, don taya zamewa take yi. Saboda haka kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da idonka ke gani. Ka rage tun kafin ka shiga kwana, ba sai kana cikinta ba.

Sai dabbobi. Akuya in ta tsallaka, ka jira 'ya'yanta, suna tafe. Garken shanu kuwa tsayawa ake yi cak a bar makiyayi ya gama aikinsa, ban da danna oda a kansu, firgita su za ka yi su watsu. Kuma in tsautsayi ya zo, gara ka taka birki sitiyari a miƙe da ka fizge shi don kauce wa kaza ka kifar da Hajiya.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Har sai hannunka ya nuna, ka bar mata hanyar.

Maman Khalifa:
Baba ya gama magana. Ƙarina ɗaya, ƙanena, shi ne yara. Da ka hango rumfa ko makaranta ka sauko giya ta biyu, ko ba ka ga kowa ba. Kuma ka dawo gida kafin magariba. Amalanken shanu ba shi da fitila, babura da yawa ma haka.

Makanike:
Ni maganar rairayi zan yi, don a nan "sannu a hankali" kan kafe mota. Ka sa giya ta biyu tun kafin ka shiga, ka riƙe totur daidai, kada ka canja giya ko ka tsaya a tsakiya, ka bi sawun motocin da suka riga ka. In ta kafe kada ka yi ta ba ta wuta, ƙara nutsewa za ta yi, kuloci ya ƙone. A tone gaban tayoyin, a shimfiɗa kara, a tura. Golf ƙasa-ƙasa take, ka lura da tudun tsakiyar hanya kada ya fasa maka tukunyar baƙin mai. Da damina, ruwan da ba ka ga wata mota ta ratsa ba, sauka ka duba zurfinsa tukuna. Safayar taya da jak da galan na ruwa su zauna a but.

Ɗan Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in tifa ta taso daga gaba a burji ta turnuƙe ni da ƙura fa?

Tsohon Direba:
Ka rage tun daga nesa, ka matsa damanka, ka kunna fitila, ka ɗaga gilashi. In ba ka ganin gabanka ka sauka gefe ka tsaya har ta lafa, don sau da yawa akwai mai babur a bayanta.