Ciwo tsakanin kafaɗu: ƙashi ne ya goce ko tsoka ce?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Babanmu ɗinkin hannu na babbar riga yake yi a cikin birnin Zariya, a sunkuye yake yini. Wata biyu ke nan yana kukan ciwo tsakanin allunan kafaɗunsa, in ya ja dogon numfashi sai ciwon ya zagayo ƙirji. Mai ɗori ya ce ƙashi ne ya goce, zai taka masa bayan. Mu yarda?

Likitan ƙashi:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Don Allah kada a bari a taka shi. Ƙasusuwa 12 ne a wannan sashe na baya, likitoci na lissafa su daga T1 a gindin wuya zuwa T12, kowanne yana riƙe da haƙarƙari biyu, dama da hagu. Haƙarƙari bakwai na sama sun zagaya sun kama ƙashin ƙirji, uku na biye sun jingina da guringuntsi, biyu na ƙasa ne kawai a sake. Ga kuma jijiyoyin ɗauri: doguwa ɗaya ta gaba mai hana lanƙwasa ta baya fiye da kima, wata ta baya mai taƙaita sunkuyo, da wata rawaya mai talewa da ke haɗa bayan ƙasusuwan. Wuri mai ɗauri haka ba ya gocewa sai da haɗari ko cuta.

Zagayowar ciwon kuwa, ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar da ta fito daga laka ta bi shi zuwa gaba. Ta T4 tana ƙarewa daidai kan nono, ta T10 a cibiya. In gaɓar da haƙarƙari ya haɗu da baya ta ƙage, numfashi ma zafi yake.

Amma a duba wannan: yana rama? Zazzaɓi da gumin dare? Wani ƙashi ya turo kamar doro, ko ƙafafu sun fara nauyi? Tarin fuka na son cin ƙasusuwan wannan sashe, taka irinsu kuwa na iya danne laka ya shanye ƙafafu. In da ɗaya daga ciki, a kai shi asibitin koyarwa na Shika a ɗauki hoto.

Mai gashin ƙashi:
In hoto bai nuna komai ba, 'yar'uwa, galibi tsoka ce. Sunkuyo na ja wa tsokokin da suka taso daga T2 zuwa T5 suka kama gefen allon kafaɗa, su yini a miƙe har su gaji, na ƙirji kuma su takure. Duk bayan minti 30 ya ajiye allura ya tashi. Ya matse allunan kafaɗu baya ya ƙirga biyar, sau goma. Da dare a naɗe tawul a sa shi a gicciye daidai ƙasan allunan, ya kwanta rigingine minti biyu zuwa uku. Gashi da ruwan ɗumi minti 15, ba mai ƙuna ba. A kuma ɗora rigar kan matashi a cinyarsa, aikin ya taso gare shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Ciwon ƙirji da gumi da ƙarancin numfashi, ko ya sauko hannun hagu, wannan na iya zama ciwon zuciya. A kai shi asibiti, ba jiran safiya.