Zaɓen kwamitin ƙungiyarmu ta kare dajin bagaruwa ya sa ni tsaka mai wuya

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai a garinmu da ke bakin kogi tsakanin Sennar da Singa a ƙasar Sudan. Mun kafa ta a 2014 don kare dajin bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, domin mun ga ana sare ta fiye da yadda take tsirowa. Aikinmu shi ne tattara iri, mu watsa shi cikin laka idan ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin itatuwan tun watan Agusta ya fara janyewa, sannan mu hana awaki cinye tsiron. Shugabanmu malamina ne tun firamare, kuma kawun matata ne, shi ne ya sayar da saniyarsa muka yi shingen farko. Dokar ƙungiya ta ba shugaba shekara uku sau biyu, saboda haka wa'adinsa ya ƙare a 2020, amma a shekarar ga korona ga ambaliyar da ta rushe gidaje, sai kwamiti ya rubuta takardar ƙarin wa'adi, ni ma na sa hannu. Yaƙi ya zo a Afrilun 2023, kuma da Singa ta faɗi a Yunin 2024 yawancinmu muka gudu Gadarif, littafin sunayen membobi ya ɓace. Da muka dawo mun tarar an mayar da sashe mai yawa na dajin gawayi, tunda iskar gas ta yi wuya. Matasan da suka tsare abin da ya rage suna neman a yi zaɓe, sun ce in tsaya. Malam ya yarda, amma da sharaɗin cewa sai wanda ya biya kuɗin wata-wata zai jefa ƙuri'a, alhali matasan ba su taɓa biya ba. Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Gadarif: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tsallake abin da ya fi komai muhimmanci. Shin rajistarku tana raye? Dokar ayyukan sa-kai ta 2006 ta wajabta sabunta rajista kowace shekara, kuma galibi ba a yi wa ƙungiya rajista da ƙasa da mutum 30. Idan ba ku sabunta ba tun 2020, to babu kujerar da ake jayayya a kanta, kuma takardar da kuka sa wa hannu ba ta da ƙarfi, domin babban taron membobi ne kaɗai ke da ikon taɓa wa'adi, ba kwamitin da zai amfana ba. Ku kafa kwamitin riƙo na mutum uku waɗanda ba za su tsaya takara ba, su buɗe sabon littafi na tsawon wata ɗaya, kowa ya biya daidai da kowa, sannan a kira taro. Na shekara talatin a wannan aiki, ban ga wata hanya da ta ɓulle ba.

Dattijo daga Maiwurno: Ban musa doka ba, amma wannan magana ta gida ce. Kakanninmu da suka taso daga Najeriya bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 sun kafa garuruwan nan da shawarar dattawa, ba da ɗaga hannu a gaban jama'a ba. Mutumin da ya sayar da saniyarsa ba a kunyata shi da ƙuri'a. Ka ɗauki limami da manya biyu ku same shi bayan isha'i, ku roƙe shi ya zama uban ƙungiya, shi da kansa ya miƙa wa yaro. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ka tuna gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza.

Malamar makaranta, Singa: Baba, da girmamawa, irin wannan zama na bayan isha'i shi ne ya hana mu mata kujera. A ƙungiyar unguwarmu mu ne muke ɗebo ruwa muna shayar da dashe tun daga Maris har faɗuwar ruwa, mu ne muka koya wa mata murhu mai cin itace kaɗan, amma ranar zaɓe sai a aiko mana da sunaye an riga an gama. Shekara huɗu ina rubuta musu rahoto, ko sau ɗaya ba a kira ni taron kwamiti ba. Malam sakatare, mata nawa ne a kwamitinku?

Mai tambaya: Malama, babu ko ɗaya, amma ba hana su aka yi ba, ba su nema ba ne. Baba na Gadarif, mun sabunta rajista har 2022. Game da takardar kuwa, ina roƙo a fahimce ni, a lokacin mutane suna kwana a makarantu saboda ambaliya, da na ƙi sa hannu da ƙungiyar ta watse tun ranar.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Gadarif: Ambaliya ta wuce cikin wata biyu, ɗana, daga nan zuwa yaƙi kuwa fiye da shekara biyu ne, kuma sakatare ke kiran taro. Ba zarginka nake yi ba, amma wanda ya riƙe littafin da ya ɓace bai kamata ya rubuta sabo kuma ya tsaya takara a kansa ba. Ka zaɓi ɗaya. Kada kuma ku manta dajin bakin kogi yawanci gandun gwamnati ne a ƙarƙashin hukumar dazuzzuka, ƙungiyar da takardunta suka mutu ba ta da bakin neman izinin shuka a ciki.

Ɗan garin da ke Jidda: Ni tambayata kuɗi ce. Mu da ke Saudiyya muna tara riyal duk azumi muna aika wa wata ƙungiya irin taku, shekara biyar ba mu ga takardar lissafi ko guda ba, sai hotunan dashe a WhatsApp. Da na yi magana aka ce na raina manya. Yaya, ma'ajinku ya taɓa karanta lissafi a gaban jama'a? Kuma mu da ke waje, da kuɗinmu ake aiki, za a ba mu ƙuri'a?

Manomi daga Kasala: Ku kula da wanda za ku zaɓa ya san itace. An shigo da meskit, wani itace mai ƙaya, Sudan a 1917 da niyyar tare yashi, yau ta cinye mana gonaki a Gash da Tokar. Matasa masu gaggawa suna son abin da ke saurin girma.

Mai tambaya: Ɗan'uwa na Jidda, ma'ajinmu ɗan Malam ne, yana Masar tun bara, kuma ban taɓa ganin alamar rashin gaskiya a tare da shi ba, shi ya sa ban kawo maganar ba. Ba zan iya ajiye sakatarci yanzu ba, domin ni kaɗai na haddace sunayen membobin farko. Zuwa wurin Malam da limami ma yana da wuya, limamin yana cikin waɗanda ke son ya zarce.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Gadarif: To ka rubuta sunayen ka miƙa wa kwamitin riƙo. Ruwa zai janye a Oktoba ko kun yi zaɓe ko ba ku yi ba. Wa ke tara iri yanzu?

Mai tambaya: Matasan sun ce ba za su taɓa buhu ba sai an sa ranar taro. Gobe matata za ta je gaishe da kawun nata, ban sani ba ko in bi ta.