Waɗanda aka yi wa dashen ciki bayan shekara 35, ku zo mu ji

Maman Hanan, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 38, 'yata ɗaya, tun daga kanta shiru. Likita ta ce dashen ciki za a yi, wato a haɗa ƙwaina da maniyyin maigida a asibiti sannan a saka min a mahaifa, kuma kada Ramadan ya zo ba a fara ba. Don Allah wadda ta bi hanyar nan ta gaya min gaskiya.

Hajiya Ummi, Shara Mansur, Makka: Ƙanwata, bi maganarta. Ina 34 aka yi min na farko, Allah Ya ba ni namiji. Da na koma ina 41, allura iri ɗaya ce, kullum a fatar ciki har wurin ya yi baƙi, amma ƙwan da aka ɗebo bai cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu wanda ya kama. Likitan ya zaunar da ni ya ce mace da ƙwanta ake haifarta, miliyan 1 zuwa 2, ba a ƙara mata ko ɗaya. Daga 35 raguwar ke yin sauri, wanda ya saura kuma ƙarfinsa ya ja baya, shi ya sa ɓari ke yawaita. Na yi kuka ranar, wallahi.

Anti Nas, Madina: Haka ne Hajiya. A ɗakin haihuwa nake aiki. Gwajin jinin AMH yawan ƙwai yake nunawa, ba ya nuna lafiyarsa, don haka kada lamba mai kyau ta sa ki kwanta. Idan ana neman ciki bai shiga ba, wadda ba ta kai 35 ba za ta iya jiran shekara, wadda ta kai kuwa wata 6 ya isa ta ga likita. Ku kuma sani a Saudiyya ba a karɓar ƙwan wata mace, doka da malamai sun hana; sai naki da na mijinki.

Amaryar Alhaji: Yaya, an auna maigida? Ni na sha jiƙe-jiƙe da gorin dangin miji, ashe matsalar daga wajensa take. Nasa gwajin ya fi sauƙi, ya fi araha.

Inna Sa'a, Jarwal, Makka: Nawa dashen bai kama ba. Ina 43 ciki ya shiga da kansa, ikon Allah. Amma ƙawayena biyu da muka riƙa haɗuwa a layin asibiti har yau ba su samu ba, kada ki jira irin tawa, 'yata.

Maman Hanan: Allah Ya saka da alheri. Ba a auna shi ba. Anti Nas, gwajin nasa sai da takardar likita?